Tambayoyinku: Ko mace za ta iya cin abinci da ƙwallon kwando?

Wasiƙu huɗu ne a wannan fitowa, uku daga Kumasi, ɗaya daga Accra, kuma dukkansu a kan 'yan mata masu buga ƙwallon kwando. Ta farko ce ta fi buƙatar dogon bayani.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ni mai sayar da atamfa ce a kasuwar Kejetia, ina zaune a Aboabo. 'Yata ta biyu shekararta 16, tana aji biyu a babbar sakandare, kuma Allah ya ba ta tsawo har ta wuce mahaifinta, domin da aka auna ta a makaranta an ce ta kai mita 1.85. Tun da ta shiga ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantarsu ba ta da wata magana sai ta ƙwallo. A watan jiya wani mutum ya zo har gida, ya ce ya ga wasanta a gasar makarantu, kuma zai sama mata kulob a Turkiyya idan muka ba shi fasfo ɗinta da sidi 20,000 na biza da tikiti, amma sai ta ajiye karatu saboda kakar wasa ba ta jira. Mahaifinta ya ce bai yarda ba, ita kuma ko abinci ba ta ci yadda ta saba. Ni ban san komai a kan wannan wasa ba. Da gaske ne mace na iya rayuwa da shi? Kuma me zan ce wa mutumin nan? Daga wata uwa, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Zan fara da mutumin, domin nasa ne ba ya jira. Kada ki ba shi fasfo, kada ki ba shi ko sidi ɗaya. Dokar FIBA, hukumar da ke kula da ƙwallon kwando a duniya, ba ta yarda a ɗauki ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa kulob ɗin wata ƙasa, sai a wasu keɓaɓɓun halaye da hukumar da kanta za ta bincika, kuma daga cikin abin da take dubawa har da makarantar da yaron zai ci gaba da karatu a can. Mutumin da ya buɗe baki da cewa yarinya ta ajiye karatu ya riga ya nuna cewa ko dai bai san dokar ba, ko kuma ba kulob zai kai ta ba. Na biyu, wakilin 'yan wasa na gaskiya yana da lasisin FIBA, sunansa yana cikin jerin da hukumar ta sa a shafinta na intanet, kuma ladansa daga kwantiragi yake fitowa bayan an sa hannu, ba daga jakar iyaye ba. Kulob ɗin da yake son 'yar wasa shi ke biyan kuɗin jirgi, shi ke ba da masauki. Ki tambaye shi lambar lasisinsa da takardar gayyata mai ɗauke da sunan kulob ɗin, ki ce malamin wasanni na makarantarsu zai duba. Ina kyautata zaton daga ranar ba za ki sake jin sallamarsa ba. Iyayenmu Ankara suke kiran Accra, kuma ina tsoron tafiyar da ya tsara wa 'yarki ba za ta wuce wannan Ankarar tamu ba, balle ta kai ta Turkiyya.

Amma kada ƙaryar mutum ɗaya ta sa ki ɗauka cewa sana'ar ma ƙarya ce. Akwai matan Afirka ta Yamma da suka ci abinci da ita, kuma tarihin ɗaya daga cikinsu ya isa ya nuna miki daɗin abin da wuyarsa. Evelyn Akhator 'yar Legas ce, an haife ta a 1995, tsawonta ya kai kimanin mita 1.90. Ba kulob ne ya fitar da ita daga Najeriya ba, makaranta ce. Ta fara da wata ƙaramar kwaleji mai suna Chipola a jihar Florida ta Amurka, irin kwalejin nan ta shekara biyu, inda ta yi fice har Jami'ar Kentucky ta ɗauke ta, ta yi wasu shekaru biyu tana karatu tana wasa. A 2017, ranar da ƙungiyoyin WNBA, babbar gasar mata ta Amurka, suke zaɓen sababbin 'yan wasa, ƙungiyar Dallas Wings ta ɗauke ta a matsayi na uku a cikin dukkan waɗanda aka zaɓa a shekarar. A wannan shekarar ce kuma ta ci kofin Afirka tare da D'Tigress, tawagar matan Najeriya, a Bamako. Duk wanda ya ji wannan zai ce ta gama samu. Sai dai kakar wasa ɗaya kawai ta yi a Dallas, a 2018 aka sallame ta, kuma daga nan rayuwarta ta koma ta mai bin kwantiragi daga ƙasa zuwa ƙasa, Rasha, Turkiyya, Faransa. Ta samu rufin asiri da suna, ta kuma taimaka wa Najeriya ta kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe a gasar duniya ta 2018 a Sifen, abin da babu wata tawagar mata ta Afirka da ta taɓa yi kafin nan. Wannan fa ita ce wadda aka ce ta yi sa'a.

Dalilin da ya sa ake sallamar wadda aka zaɓa ta uku ba lalaci ba ne, ƙarancin gurbi ne. A kakar 2024 ƙungiyoyi 12 ne a WNBA, kowacce kuma ba ta wuce 'yan wasa 12 ba, wato gurabe 144 ke nan ga matan duniya baki ɗaya. A lokacin ana zaɓen sababbi 36 a shekara, amma a wasu shekarun ko rabinsu ba sa kaiwa ranar buɗe gasa, domin tsofaffin da suka riga su ba su tashi daga kujerunsu ba. An ƙara ƙungiyoyi daga 2025, sai dai ƙarin bai kai ya sauya wannan lissafi ga yarinyar da ke Aboabo ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Maganar kuɗi kuma ba yadda ake zato take ba. Caitlin Clark, wadda aka zaɓa ta ɗaya a 2024 kuma ta cika filayen wasa da 'yan kallo, albashinta na shekarar farko dala 76,535 ne, alhali namijin da aka zaɓa na ɗaya a gasar maza ta NBA a shekarar ya haura dala miliyan 12. Idan aka juya kuɗinta zuwa sidi za su yi kama da dukiya, amma a Amurka albashin ma'aikaci ne, kuma na wadda ta fi kowa tashe ne. Abin da ya sa ta zama mai kuɗi tallace-tallacen kamfanoni ne, waɗanda ba kowa ke samu ba. Shi ya sa shekara da shekaru 'yan wasan WNBA suke yin aiki biyu: daga Mayu zuwa Satumba ko Oktoba suna Amurka, da sun gama sai su wuce Turai ko Sin ko Ostareliya su buga lokacin sanyi, jiki ba hutu. A 2015 wani kulob na birnin Yekaterinburg a Rasha ya biya Diana Taurasi domin ta zauna ta huta, kada ta buga kakar WNBA, saboda abin da yake biyanta ya ninka albashinta na gida sau da yawa. Wannan kulob ɗin ne kuma Brittney Griner take kan hanyar komawa lokacin da aka kama ta a filin jirgin Mosko a Fabrairun 2022, ba ta fito ba sai Disamba, bayan musayar fursunoni. Ƙasa da waɗannan manya akwai ɗaruruwan mata a ƙananan kulob na Turai da suke karɓar abin da bai wuce na ci da sha da ɗan aike gida ba, a kan kwantiragin wata bakwai ko takwas, ba tare da sanin inda za su kasance baɗi ba.

Ko rigar ƙasa ba ta tsare mutum daga wahala. D'Tigress sun ci kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025, kuma a gasar Olamfik ta Faris a 2024 sun doke Ostareliya da Kanada, suka zama tawagar ƙwallon kwando ta farko daga Afirka, maza ko mata, da ta kai zagayen takwas na ƙarshe. Duk da haka a 2021 sai da suka fito a bidiyo suna neman haƙƙoƙinsu da ba a biya ba, a 2022 kuma rikicin shugabancin hukumarsu ya sa gwamnati ta janye ƙasar daga wasannin waje, suka rasa gurbin gasar duniya da suka samu da guminsu, aka ba Mali.

Mu dawo gida. A Ghana ƙwallon ƙafa ne ya cinye kuɗi da hankalin jama'a, kuma tawagar matanmu ba ta cikin ƙasashe 12 da suka buga kofin Afirka a Kigali a 2023, ba ta kuma cikin na Abidjan a 2025. Gasar da ta fi ƙarfi tana Accra, kuma manyan ƙungiyoyinta na hukumomin gwamnati ne, irin su kwastan da gidan yari da 'yan kwana-kwana da 'yan sanda. Wadda ta yi dace a nan, abin da ƙwallo yake sama mata shi ne aikin ɗamara mai albashin wata da fansho, ko gurbi a jami'a irin KNUST ta nan Kumasi ko Jami'ar Ghana da ke Legon, inda za ta buga wasannin jami'o'i na GUSA. Ni ban raina wannan ba ko kaɗan, hasali ma na fi ganin amfaninsa a kan mafarkin Turai ga yawancin yaranmu. Abin lura shi ne dukkan waɗannan ƙofofi, ta kwastan da ta jami'a da ta Amurka, mabuɗinsu ɗaya ne, wato sakamako mai kyau a WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, musamman Turanci da lissafi. Jami'o'in Amurka suna ba 'yar wasa tallafin karatu da abinci da masauki, amma sai an tantance takardunta na sakandare tukuna, kuma idan makinta ya faɗi a jami'a ana dakatar da ita daga wasa. Ke nan mahaifinta da ya ce karatu, da ita da ta ce ƙwallo, hanya ɗaya suke nunawa ba su sani ba.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki je makarantar da ƙafarki ki ga kocinta, ki san shi, ki san wace malama ce ke raka 'yan mata idan an yi tafiya. Ban faɗi haka don zargin kowa ba. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta fallasa yadda aka daɗe ana cin zarafin 'yan mata a tawagar matasa ta Mali, binciken da FIBA ta sa aka yi ya tabbatar da aukuwar abin, kuma abin da ya ba masu laifin dama shi ne yaran suna tsoron a cire su daga tawaga idan sun yi magana. Yarinyar da ta san uwarta na bayanta ba ta da wannan tsoro. Sannan a riƙa ɗaukar bidiyon cikakken wasanta, ba guntayen wuraren da ta jefa ƙwallo a raga kaɗai ba, domin masu neman 'yan wasa suna son ganin yadda take tsare gida da yadda take idan an fi ƙarfin ƙungiyarta. Akwai sansanonin horo na gaskiya, irin Basketball Without Borders na NBA da FIBA, da Giants of Africa na Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma ya shugabanci Toronto Raptors lokacin da suka ci kofin NBA a 2019. Irin waɗannan gayyata suke yi, ba sa aiko mutum gida ya karɓi kuɗin biza. Kuma duk wanda ya ce a rage mata shekaru a takarda, ki sallame shi, domin ranar da aka gano, ita za a kora.

Ki zauna da ita ki gaya mata cewa ba ƙwallon aka hana ba, mutumin aka hana. Ina ganin daga nan za ta koma cin tuwonta.

Tambaya: Malama, ina wasa a wata ƙungiya ta unguwa, kuma ina sa hijabi. Wata ƙawata ta ce idan na kai matakin ƙwararru dole in cire. Gaskiya ne? Kuma yaya zan yi da atisaye a watan azumi? Daga wata ɗaliba, Nima, Accra.

Amsa: 'Yata, maganar ƙawarki tsohon labari ne, ko da yake akwai ragowar gaskiya a cikinta. Da can dokar FIBA ta hana rufe kai a wasa, wai don gudun rauni. Saboda wannan doka tawagar matan Katar ta fice daga wasannin Asiya na 2014 a Koriya ta Kudu. Wadda ta fi kowa asara kuwa ita ce Bilqis Abdul-Qaadir, Musulma 'yar Amurka, wadda ta ci maki 3,070 a sakandare, ta kafa tarihin da babu namiji ko mace da ya kai shi a jihar Massachusetts a lokacin, ta kuma buga wa jami'o'in Memphis da Indiana State da kanta a rufe. Da ta gama jami'a ta nemi fita waje ta zama ƙwararriya, sai doka ta ce ta zaɓa tsakanin hijabi da sana'a. Ta zaɓi hijabi, ta shiga fafutukar a sauya dokar tare da wasu, har FIBA ta amince a Mayun 2017, sabuwar dokar ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban shekarar. Kafin nan shekarunta mafi kyau sun wuce, wasu ne suka ci moriyar wahalarta, kuma kina cikinsu.

Sharuɗɗan ba su da wuya: kada ya rufe fuska, kada ya kasance da allura ko maɓalli ko wani abin da zai ji wa wani rauni, kuma launinsa ya zama baƙi ko fari ko ya dace da rigar ƙungiya. Ragowar gaskiyar da na ce ita ce Faransa, inda hukumar ƙwallon kwando ta ƙasar ta hana alamomin addini a gasanninta tun ƙarshen 2022, kuma Faransa na cikin ƙasashen da 'yan wasan Afirka ta Yamma suka fi zuwa. Don haka idan wata rana aka kawo miki kwantiragi, ki fara tambayar dokar gasar ƙasar kafin ki tambayi albashi.

Game da azumi, hukunci na malamai ne, ki kai musu tambayar, musamman abin da ya shafi tafiya. Abin da zan iya faɗa ta fuskar wasa shi ne an taɓa yi. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, yana azumi aka zaɓe shi gwarzon NBA na watan Fabrairun 1995, watan da ya zo daidai da Ramadan. Amma shi yana da likitoci da masu tsara masa abinci, ke kuma a filin siminti kike wasa cikin zafin Accra. Ki roƙi koci ya mayar da atisaye mai nauyi bayan shan ruwa, ki bar jifan raga da aikin ƙafa mara nauyi zuwa yamma, ki sha ruwa kaɗan-kaɗan daga magariba zuwa sahur maimakon ki ɗura shi lokaci ɗaya.

Tambaya: Tsawona mita 1.62 ne kawai. In haƙura? Daga wata yarinya, Asawase, Kumasi.

Amsa: Kada ki haƙura, amma ki san matsayinki. Bakin kwando yana mita 3.05 daga ƙasa ga kowa, kuma doguwa ta fi ki kusa da shi. Naki aikin shi ne na mai raba ƙwallo, wadda take ɗauko ta daga baya ta tsara hari. Temeka Johnson ba ta wuce mita 1.60 ba, amma ita aka zaɓa gwarzuwar sababbin 'yan wasan WNBA a 2005. Gajera sai ta iya sarrafa ƙwallo da hannu biyu daidai wa daida, ta kuma iya jifa daga bayan layin maki uku, wanda ke nisan mita 6.75, in ba haka ba koci ba shi da dalilin sa ta.

Tambaya: Malama, 'yar ƙanwata ce, ni ne waliyyinta tun rasuwar mahaifinta. Shekararta 23, ta gama jami'a, wani kulob a ƙasar waje ya ɗauke ta ta hanyar da muka bincika muka gamsu. Ga kuma mai neman aurenta ya turo magabatansa. Dangi sun ce ta zaɓi ɗaya, wai mai wannan wasa ba ta haihuwa. Mene ne gaskiya? Daga wani kawu, Sabon Zango, Kumasi.

Amsa: Alhaji, Allah ya saka da alherin riƙon marainiya. Batun rashin haihuwa camfi ne. Sheryl Swoopes, mace ta farko da WNBA ta ɗauka, ta haihu a Yunin 1997, bayan kimanin mako shida ta koma fili, kuma ƙungiyarta ta Houston ta ci kofi a shekarar da shekaru uku da suka biyo baya. Candace Parker ta haihu a 2009, ta ci kofin WNBA a 2016 da 2021 da 2023. Abin da yake gaskiya shi ne horo mai tsanani tare da ƙarancin abinci yana iya ɗauke wa mace al'ada na wani lokaci, kuma wannan alama ce ta a ga likita, ba hukuncin rashin haihuwa ba.

Matsalar tana wajen kwantiragi. Tun 2020 'yar wasan WNBA da ta tafi hutun haihuwa tana karɓar cikakken albashinta, amma a ƙananan kulob na waje, inda ake sa hannu kaka ɗaya-ɗaya, mai ciki kan wayi gari ba a sabunta mata ba. Haka ma mai rauni: idan jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ta tsinke, wadda ta fi tsinkewa ga mata fiye da maza a wannan wasa, jinya takan ci wata tara zuwa shekara. Saboda haka a sa lauya ya duba ko kwantiragin ya tabbatar da albashi idan ta ji rauni, ko akwai inshorar lafiya, kuma ko an rubuta cewa idan kulob ya ƙi biya za a kai ƙara kotun sasanci ta ƙwallon kwando da ke Jeniba, domin idan babu wannan sharaɗi a rubuce kotun ba ta sauraron ƙarar.

Kuma sana'ar gajera ce. Sue Bird ta kai shekara 41 tana wasa, Taurasi ta kai 42, amma irinsu ƙidayar yatsu ne, yawanci kafin 35 sun ajiye. Digirin 'yar ƙanwarka shi ne jarinta na bayan nan, kamar yadda Rena Wakama, wadda ta horar da D'Tigress, ta koma aikin koci tun da ƙuruciya, har ta zama mace ta farko da ta jagoranci tawaga ta ci kofin matan Afirka a 2023 tana da shekara 31.

A ganina ba yarinyar ya kamata dangi su matsa wa ba. Ka kira mai neman auren shi kaɗai, kafin a yanka sadaki, ka gaya masa a fili cewa matar da yake nema za ta riƙa barin gida daga Satumba zuwa Afrilu na wasu shekaru, ka ji amsarsa daga bakinsa. Idan ya amince, a maimaita maganar a gaban magabatansa da shaidu ranar ɗaurin aure, ita ma ka tambaye ta shekara nawa take nufin yi, a faɗi adadin a wurin.